Gayyar da Gwaggo Tabawa Ta Kai wa Tsofaffin Turawa

Bana ma ruwa ya yi mana halinsa. Dawa tana tsaka da ciki ya ɗauke ƙafa. Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas baƙi ƙirin, mu kwashe shanya a guje, sai iska ta taso ta watsa shi, ko ɗigo babu. Juma'ar da ta wuce na bi hanyar Kausani zuwa wata gaisuwa, na ga ganyen dawa ya nannaɗe, ƙasa ta tsattsage. Ina cikin mota warin busasshiyar ƙasar nan ya bugi hancina, nan take na koma wata shekara da ta kusa ashirin yanzu, shekarar da farar hula ya miƙa wa farar hula mulki muna ta murna, ruwa kuma ya yanke mana ana cikin azumi.

A lokacin ni ce mai buga takardu a shagon yayana, Yaya Sabo, nan cikin Wudil. Shagon a jikin gidanmu na gado yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana faɗawa zaure. Kwamfutoci 'yan kaɗan ne a ciki, tsofaffi, masu ƙeya, irin waɗanda in ka ɗaga ɗaya sai bayanka ya amsa. Wayar da jikata take wasa da ita yau ta fi su ƙarfi duka a haɗe, amma a wancan zamanin mu ne 'yan gayu, don muna da farantin intanet a kan rufi. Ɗaliban jami'a su ne cinikinmu. To a wannan azumin sun tafi hutu, taransifomar unguwarmu kuma ta ƙone tun farkon damina, babu wanda ya leƙo ta. Da Yaya Sabo ya ga zama ba zai yi ba, sai ya jawo babbar firiza cikin shagon, ya koma sayar da ƙanƙara. Janareta yana kuka tun hantsi har magariba saboda firizar, kwamfutocin kuwa suna zaune a lulluɓe, ba mai taɓa su.

Ƙanƙarar nan ita ce tuwonmu a shekarar, ba wasa nake ba. Geron da aka samu bai taka kara ya karya ba, dawa da wake kuwa muna kallo suna ƙonewa a tsaye. An fita roƙon ruwa, an sake fita. Kogi ya ja baya, yashi ya fito fili tun ba lokacinsa ba. Hatsi a kasuwar Juma'a kullum sai ya ƙara tashi. Kunun buɗa-baki ya koma tsararo, ƙosai sai dai a gutsura wa yara, kwanon ciyayya da ake aikawa maƙwabta ya rage tudu, amma ba a daina aikawa ba. Kwaɗon zogale da na rama mun ci shi a azumin nan har ya fita ranmu.

A cikin wannan hali Gwaggo Tabawa take zaune a gidan. Ƙanwar mahaifinmu ce, ita ta riƙe ni tun ina rarrafe har ta aurar da ni. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta ba su rayu ba, kuma da hannunta take noma gonarta a Kausani. Duk gayyar da za a yi a garin, Gwaggo tana ciki. In ba ta riƙe fartanya ba tana gindin murhu tana tuƙa wa ma'aikata tuwo. Gajera ce, ga faɗa, ga tsabta, ga girman kai irin na wanda bai taɓa roƙon kowa gishiri ba. Wai ni mutane suke cewa ina da baki. Ai a wurinta na sha.

Tun bazara ƙullutu ya fito mata a nonon dama, ta ɓoye. Da damina ta faɗi hannun ya ƙi ɗaguwa, sai mutanen Kausani suka haɗu suka yi mata gayya, suka yi noman farko, suka dawo suka yi maimai. Da ƙyar Yaya Sabo ya ɗauko ta zuwa Wudil. Likita ya duba, ya kira ciwon da sunansa, ya ce daji ne. Ya ce a kai ta Kano a yi mata aiki tun bai yaɗu ba, kuma duk jinkirin da aka yi ciwon ake yi wa hidima. Ya ce za a buƙaci masu ba da jini da masu jinya.

Gwaggo ta ce ba ta zuwa.

Ba tsoron wuƙa take ba. Matar da ta taɓa kashe kububuwa da dugadugin fartanya? Abin da ya tsaya mata a rai daban ne.

"Mutanen Kausani sun yi mini noma sau biyu ban rama ba," in ji ta. "Yanzu kuma a tsiyaye jinin 'ya'yan mutane a ɗura mini, a bar sana'a a zauna gadina? Da me zan rama? Ni Tabawa ba zan tafi lahira da aikin mutane a wuyana ba. Ku bar ni a nan, abin da Allah ya yi daidai ne."

Na yi kuka, na yi faɗa, na kawo limamin unguwa ya yi mata nasiha. Ta saurare shi da ladabi, ta sa aka ba shi goro, yana fita ta ce da ni, "Dije, gobe ki kawo Alƙali." Azumin ma da aka ce ta sha, ƙi ta yi. Wallahi har yau in na tuna taurin kan matar nan sai raina ya ɓaci, sannan in yi dariya.

Ana 'yan kwanaki da fara azumi sai ga Malam Nura, wani malamin kimiyya a jami'a, wanda yake zuwa duba saƙonninsa a shagonmu. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da ibada da zafi, ya dubi kwamfutocin da ke lulluɓe ya ce, "Alhaji Sabo, inji yana ta kuka, waɗannan kuma suna barci. Me zai hana ku ba da aron su a yi aikin lada?"

Ya yi mana bayani. Ya ce masu binciken magunguna a ƙasashen waje suna da lissafi mai yawan gaske, wanda nasu injinan ba za su iya gamawa ba ko da za su shekara nawa. Sai suka yanyanka shi ƙanana-ƙanana, suna raba wa duk wanda ya yarda a ko'ina cikin duniya. Kwamfutarka ta karɓi yanki ɗaya ta intanet, ta yi ta lissafawa a lokacin da ba ka amfani da ita, in ta gama ta mayar. Ba a biyan ka, kai ma ba ka biya. Abin da ya rage kawai ka zaɓi inda kake son aikinka ya tafi. Akwai masu binciken daji, akwai na zazzaɓin cizon sauro, akwai na ƙanjamau, akwai na gigin tsufa. Har da wasu, in ji shi, da suke sauraron sararin sama ko za su ji motsin wasu halittu.

"Waɗannan dai sun ƙoshi," na ce. "Malam, sa mana zazzaɓi. Daminar nan sau biyu ɗana Abba yana suma a hannuna. Gida nawa aka yi zaman makokin yaro a layin nan?"

"Daji za a sa," in ji Yaya Sabo. "Ke ba ki ga abin da ke cikin gida ba?"

"Na gani mana! Amma sauro ya fi kashe mu."

"Shagon naki ne?"

"Injin ma ai ba naka ba ne kai kaɗai, da gadona a ciki!"

Muka kaure, ga azumi ga zafi, Malam Nura yana ta ba mu haƙuri. Ba mu san Gwaggo tana zaure a kan tabarma ba sai da muka ji muryarta.

"Kai, ku rufe mini baki. Malam, matso nan."

Ya matsa bakin ƙofa ya durƙusa ya gaishe ta.

"Ka ce akwai masu yi wa irin ciwona wannan aikin?"

"Akwai, Gwaggo, da yawa kuwa. Sun daɗe suna yi."

"Su wane ne?"

"Mutane ne kawai a gidajensu. Yawancinsu Turawa."

"Sun san ni?"

"Ina za su san ki, Gwaggo?"

"Kuma ka ce ba a biyan su."

"Ko sisi."

Ta dafe haɓa. Can ta ce, "To ai gayya ce wannan. An yanka gona, kowa an ba shi kunyarsa ya nome. Innalillahi! Ni Tabawa na shiga uku. Ta Kausani ban rama ba, ashe har Turawa suna can suna yi mini gayya ban sani ba."

Na buɗe baki zan yi dariya, na ga idonta ya kawo ruwa, na haɗiye abata.

"Malam," ta ce, "su masu aikin nan, me yake damun nasu tsofaffin?"

Ya ce dajin ma yana damun su, amma akwai gigin tsufa. Ya ce mu ma muna da shi, sai dai can da yake suna daɗewa a duniya ya fi yawa. Tsohuwa ta wayi gari ba ta gane ɗan da ta haifa ba, tsoho ya fita ƙofar gida ya kasa komowa.

"Subhanallahi. To can za mu."

Yaya Sabo ya ce, "Haba Gwaggo, ga naki ciwon?"

"Sabo, ka taɓa ganin wanda ya tashi rama gayya ya nufi gonarsa?"

Ni kuwa raina ya gama ɓaci. Na ce, "Gwaggo, mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa? Mutanen da karensu ma yana da likita? Mu da muke shan kunu kamar ruwan wanki, mu ne za mu taimake su?"

"Alhaji Ila mai shanun huɗa ya zo gayyata bana," in ji ta. "Don ya fi ni shanu, in ya kira tasa sai in ƙi zuwa? Ke dai ba ki da ta ido, Dije, tun kina yarinya."

Yaya Sabo ya fi ni dabara. Ya tsuguna a gabanta ya ce, "Na yarda, Gwaggo. Amma in an gama, an rama, za ki je Kano?"

"In na kai ƙarshen kunyata ma yi magana."

"A'a, alkawari nake so, a gaban Malam, da bakin azumi."

Ta harare shi, ta harare ni. Ta ce, "Na yi."

Daga wannan rana babu wanda ya kai ni son tsofaffin Turawa su warke. Malam Nura ya saita komai, kowace kwamfuta ta karɓi nata yankin. A fuskar kowacce akwai wani ɗan layi da yake cika a hankali, in ya cika aiki ya ƙare. Ya ce kowane yanki da wa'adinsa, kuma da irin injinanmu za a kai goman ƙarshe. Gwaggo ta zagaya ta dudduba su, ta tsaya a kan wadda ke bakin taga, wadda ta fi duka tsufa da nawa. Ta ce wannan ce tata, tunda sa'arta ce.

Ga yadda kwanakin suke tafiya. Da hantsi Yaya Sabo zai ja inji, hayaƙi ya turnuƙe zaure, warin mai ya sauka a cikin da babu komai, har sai ka ji amai yana taso maka. Ni in zauna ina ƙulla ruwa a leda ina jerawa a firiza. Wanda bai taɓa riƙe ƙanƙara da bakin azumi ba, leɓensa a bushe, maƙogwaronsa kamar an zuba toka, bai san jarrabawa ba. Sai Gwaggo ta fito da tabarmarta da carbinta, ta zauna gaban kwamfutarta, ta gaishe ta. Wallahi gaishe ta take yi. "Sannu da aiki, 'yar tsohuwa." Ba ta iya karatu ba, amma ta karyo tsinken tsintsiya tana auna layin da shi, safe da yamma. Yaya Sabo ya taɓa raɗa mini cewa mu ce mata an gama kawai. Na ce ya je ya faɗa wa tsinken.

Matsalar farko zafi ne. Zafin shekarar nan ba irin na bazara ba ne mai bushewa, wani irin gumi ne mai danƙo, sama a rufe, ruwa ya ƙi sauka. Rufin kwano, ga firiza tana fitar da nata hucin, ga fanka ɗaya tana juya iska mai zafi. Rana tana take tsaka sai kwamfutar Gwaggo ta yi ɗif ta mutu. In an kunna, layin ya ɗan ja baya. Ran farko da ta auna ta ga ya koma baya, kamar ta mare ni.

"Me kuka yi mata?"

"Zafi ne, Gwaggo. In ta yi zafi kashe kanta take yi."

"Yo ba dole ba! Kun sa ma'aikaci a rana babu inuwa babu ruwa. Haka aka koya muku karɓar 'yan gayya?"

Na ce in ruwa ya taɓa ta, ta tashi aiki har abada. Ta ce ita ma ba ta ce a yi mata wanka ba. Ta sa aka kawo buhunan algarara aka jiƙa, aka rataya a taga ta waje, iska in ta ratso ta shigo da sanyi-sanyi. Ta sa aka jero randuna biyu sababbi, irin na garin nan masu raɓa, a bakin ƙofar zaure. Yaya Sabo ya kwance murfin gefen kwamfutar, cikinta ya fito fili. Gwaggo ta ɗauki mafici da hannun hagu, tunda na dama ya kumbura, ta zauna tana yi mata fifita daga azahar har la'asar ta yi sanyi. In na ce ta kawo in karɓe ta, sai ta ce in je in ji da ƙanƙarata. Masu zuwa sayen ƙanƙara suna leƙe suna dariya. Wani ya ce, "Gwaggo, amarya aka yi ne?" Ta ce, "Ta fi uwarka aiki." Daga ranar bai ƙara ba.

Sauran kwamfutocin suka yi ta gamawa ɗaya bayan ɗaya. Ta Gwaggo kuwa tana tafe kamar mai ciwon ƙafa. Ita ma Gwaggon tana ƙara zubewa. Wuyanta ya fito, wurin ciwon ya fara ruwa, kullum da safe ni nake wanke mata shi da ruwan ɗumi da gishiri, ina kawar da fuska don kada ta ga hawayena. In an sha ruwa kurɓa biyu take yi wa kunu ta ture. Ina kallon layin nan, ina kallon hannunta, ina jin tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Tsoro nake kada ciwon ya riga layin isa.

Mun shiga goman ƙarshe, layin ya rage bai fi faɗin yatsa biyu ba, sai janareta ya yi wata ƙara, ya yi tari, ya tsaya. Makanike ya zo ya buɗe, ya ce koyil ya ƙone, sai an aika Kano, kuma da wuya a samu kafin salla. Ƙanƙarar da ke firiza ta narke muna kallo. A ranar da garin rogo muka yi buɗa-baki. Amma wallahi ba cikina nake tunani ba.

Na sami Gwaggo a gaban baƙar fuskar kwamfutarta, mafici a cinya. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, na tambayi Malam Nura. Ya ce in wa'adi ya wuce ba mu mayar ba, ba abin da zai lalace. Wani za su ba a wata ƙasa ya yi. Aikin ba zai ɓata ba. Kin yi niyya, kin yi wahala, Allah ya gani. Mu tafi Kano."

Da na san abin da zai biyo baya da ban faɗa ba.

"Wani ya ƙarasa mini kunyata?" in ji ta. "A ce an ba Wudil aiki, an zo an tarar da shi a yashe, an kira wani ya ɗauka? Tun ina budurwa ba a taɓa shiga kunyata ba, Dije. Sai yanzu da na tsufa, a gaban baƙi?"

"Ba wanda zai sani, Gwaggo!"

"Ni na sani."

Na fita tsakar gida na zauna a bakin rijiya na yi kuka mai isata. Na ji haushinta, na ji haushin Malam Nura da ya kawo mana wannan fitina, na ji haushin Turawa da tsofaffinsu gaba ɗaya.

Washegari da hantsi sai ga Ɗanjuma mai aski, wanda shagonsa ke kallon namu, ya rungumo ɗan ƙaramin injinsa a ƙirji. Labari ya kai masa, don a layinmu ba a ɓoye komai. Ya ce ba zai ja firiza ba, amma zai ja kwamfuta ɗaya da farantin intanet. Ku tuna goman ƙarshe ne, lokacin da kowa ke son askin salla, lokacin da mai aski yake samun na shekara. Ya ce zai bar mana shi daga safe zuwa la'asar, shi ya koma almakashi da reza, wanda ba zai iya jira ba ya tafi wani wurin.

Gwaggo ta ce a mayar masa. "Ɗanjuma, ɗauki abinka. Kaya sun yi mini yawa, ba zan ƙara naka ba."

Ya ajiye injin, ya share gumi, ya ce, "Gwaggo, wa ya ce ke nake yi wa? Na ji an ce ana gayya a gidan nan, na zo da fartanyata. Ko korar mutane ake yi?"

Ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "To ka makara. Ja mu gani."

Haka aka ci gaba. Ɗan injin yana ƙara kamar zai tsage, Ɗanjuma yana can yana fama da kawunan mutane da almakashi, suna zagin sa yana ba su haƙuri. Gwaggo tana fifita. A kwanakin nan ko carbin ba ta iya ja da dama, sai ta sa shi a yatsun ƙafa ya zauna, bakinta yana motsi. Masu zuwa neman ƙanƙara su tarar babu, maimakon su juya sai su tsaya a taga su tambaya, "Saura nawa?" Ta ɗaga musu tsinke ta nuna da farce.

Ana saura 'yan kwanaki salla, wajen azahar, ina tsakar gida ina tsince zogale na ji ta ƙwala mini kira. Na shigo a guje, Yaya Sabo a bayana. Layin ya cika. Muka tsaya cirko-cirko, kwamfutar tana ƙoƙarin mayar da aikin, intanet yana kamawa yana saki. Ban san na riƙe hannun Yaya Sabo ba sai da ya ce zan karya shi. Can rubutu ya fito. Na karanta na ce, "Sun karɓa, Gwaggo. Sun karɓa!"

Ban rufe baki ba sai na ga layin ya koma fari fat, babu komai a cikinsa, ya fara daga farko. Na manta haka take yi. Tana mayar da ɗaya take jawo wani.

Gwaggo ta kara tsinkenta, ta ɗago. "Mene ne haka? Ina aikin?"

Na dubi Yaya Sabo, ya dubi ƙasa. Na san in ta ce sai an gama wannan ma, to mun rasa ta. Kuma ba a yi wa Gwaggo ƙarya a gaban idonta. Na ce, "Wancan ya tafi. Wannan sabo ne suka ba ta."

"Sabuwar kunya?"

"E."

Ta daɗe tana kallon fuskar kwamfutar. Injin Ɗanjuma yana ta ƙara a waje. Sai na ga bakinta ya motsa, murmushin da rabona da shi tun kafin damina ya fito.

"Sun ƙara mana," ta ce. "To sun duba sun ga aikin ya yi kyau ke nan. Da sun ga ha'inci ba za su ƙara ba."

Ta miƙo mini maficin. "Ungo. Wannan taku ce, ni na yi tawa. Sabo, nemo mota. Kuma ka gaya wa masu jinin su ci abinci sosai, ba na son na rago."

Bayan salla da kwana kaɗan muka haye gada muka nufi Kano. Samarin Kausani suka cika mota guda suka biyo mu don ba da jini, ba ta ce musu komai ba sai sannu. An yi aikin, an cire nonon. Ta ƙara damina huɗu a duniya, ta koma Kausani, kuma duk gidan da suka yi mata noma sai da ta je ta tuƙa musu tuwon gayya da hannun hagu. Kwamfutocin kuwa mun bar su suna yi har suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Daga baya na karkatar da biyu zuwa zazzaɓin cizon sauro, don ni ma ba a kayar da ni a magana. Ban san ko lissafinmu ya taɓa zama magani ba, ban kuma taɓa jin wanda ya sani ba. Amma ina alfahari da azumin nan fiye da duk wanda na yi da nama da kankana.

Ranar da za a shiga da ita ɗakin tiyata, cikin likitocin da suka zo duba ta akwai wani farin mutum mai gilashi. Ban san ƙasarsu ba, wataƙila ma Balarabe ne, amma a wurin Gwaggo duk fari Bature ne. Tana zaune a kan gadon turawa, an sa mata rigar asibiti, ta ƙanƙance a ciki. Ta jawo gefen mayafina.

"Dije, tambaye shi, ya jikin tsofaffin nasu?"

"Haba Gwaggo, a nan?"

"Tambaye shi na ce."

Na tattaro ɗan Turancina na yi masa bayani, tun daga kwamfutocin har maficin. Da farko bai gane ba, na sake. Sai ya cire gilashinsa, ya dube ta ya daɗe, ya sa hannu a ƙirji ya ɗan rusuna, ya yi magana a hankali.

"Me ya ce?"

"Ya ce yana godiya, Gwaggo. Ya ce ya gode ƙwarai."

Ta gyara ɗaurin kallabinta da hannu ɗaya, ta kwanta da kanta ba tare da an taimaka mata ba.

"Ki ce masa ya bar godiya. Na yi musu nawa, shi ma ya tsaya ya yi nasa da kyau."